BABI NA HUƊU: TURKE DA YANAYIN MURYA DA SOSUWAR ZUCIYA A WAƘAR 'YANDOTON TSAFE TA MUSA ƊANƘWAIRO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu tare da irin makaɗan da suka yi wa sarakunansu hidima. A wannan babi kuwa za a ɗauki waƙa guda ɗaya, wato wadda Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, a dube ta ta fuskoki uku: abin da take magana a kai, da yanayin muryar da aka faɗe shi da ita, da kuma abin da take sosawa a zuciyar mai sauraro. Za a waiwayi Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, domin kwatanci.

Dalilin bin wannan hanya shi ne, sau da yawa idan ɗalibi ya zo nazarin waƙar fada sai ya rubuta cewa turkenta yabo ne, ya jero tubalan da aka gina shi da su, kamar asali da jaruntaka da kyauta da riƙon addini, daga nan sai ya wuce zuwa salo. Abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai gaskiya ce da za ta hau kan ɗaruruwan waƙoƙin fada ba tare da ta bambanta ko ɗaya daga cikinsu da 'yar'uwarta ba. Idan har yabo ne kaɗai abin da ke cikin waƙar Tsafe, to me ya sa mutanen da ba su taɓa taka garin ba, ba su kuma san basaraken ba, suke sauraronta har yau, shekaru fiye da 30 bayan rasuwar mai ita?

4.1 Ma'anar Kalmomin Nazari

Kalmar jigo ita aka fi sani a fagen nazarin rubutacciyar waƙa, kamar yadda ta zo a ayyukan Ɗangambo da kuma Yahya (1997). Gusau (1993) kuwa ya zaɓi kalmar turke ga waƙar baka, kuma ita za a yi amfani da ita a nan, tare da sauran kalmominsa irin su gindin waƙa da ɗiyan waƙa da rauji. Zaɓin kalmar turke yana da hikima, domin dabbar da aka ɗaure a turke takan yi ta kewayawa, ta yi gabas ta yi yamma, amma igiya ba ta barin ta ta ɓace. Haka makaɗi yake yi da ɗiyan waƙarsa.

Yanayin murya a wannan nazari ba ana nufin karin sautin kalma ba ne, wato hawa da saukan da ke bambanta ma'anar kalmomi a nahawu, ba kuma zaƙin maƙogwaro ake nufi ba. Ana nufin matsayin da makaɗi ya ɗauka game da abin da yake faɗa da wanda yake faɗa wa: da ladabi ne, ko da zuga, ko da gatse, ko da barazana, ko da raha? Bahaushe ya san wannan sarai a maganarsa ta yau da kullum, domin "sannu" ɗaya ce a baki, amma wadda ake yi wa majinyaci daban take da wadda ake yi wa yaron da ya fasa tulu. Sosuwar zuciya kuwa ita ce abin da ke aukuwa ga mai sauraro, kamar tsima ko alfahari ko tsoro ko kewa ko dariya. Na farkon yana wajen makaɗi, na biyun yana wajen wanda ya ji, kuma ba dole ne kullum su zo daidai da juna ba.

4.2 Makaɗin da Basaraken

An haifi Musa Ɗanƙwairo a Ɗankadu ta ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, ya gaji kiɗa a wajen mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya kuma yi amshi a ƙarƙashin wansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Kotso shi ne abin kiɗansa. Sunansa ya game ƙasar Hausa ne musamman bayan waƙoƙin da ya yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, kuma ya rasu a 1991.

Shi kuwa wanda aka yi wa waƙar, sarautarsa kanta tana ɗauke da tarihi mai nauyi. 'Yandoto sunan tsohon gari ne na malamai da ke tsakanin Tsafe da Gusau, wanda a da yake cikin ƙasar Katsina, kuma rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci shi a wajen 1806. Sarakunan Tsafe su ne ke riƙe da wannan suna a matsayin laƙabin sarauta, yayin da na Gusau ake kiransu Sarkin Katsina, na Bunguɗu kuma Sarkin Fulani. A zamanin Ɗanƙwairo duk waɗannan ƙasashe gundumomi ne a ƙarƙashin Sakkwato, masu riƙe da su kuma hakimai ne na Sarkin Musulmi, domin ba a ƙirƙiro Jihar Zamfara ba sai a 1 ga Oktoba, 1996. Ya kamata a riƙe wannan batu, saboda zai yi amfani a gaba.

4.3 Turken Waƙar

Gindin waƙar shi ne ke ɗauke da muhallin turke. Abubuwa biyu ne a cikinsa: umurni ga basaraken da ya kimtsa makamansa domin gwabzawa, da kuma shaidar cewa shi mutum ne da ba ya lamuntar a wulaƙanta shi. A cikin gindin ne kuma aka ɗauki Tsafe a matsayin gida, aka ce shi ne mai gidan. Saboda haka babu musu cewa babban turken yabo ne, kuma tubalin da ya fi fitowa fili shi ne na jaruntaka, sai zuga, sai zambo da habaici ga abokan hamayya.

To amma a nan ne tambaya take. Wane yaƙi ne ake cewa a shirya masa? Turawa sun ci Sakkwato tun 1903, kuma tun da mulkinsu ya kafu babu wani sarki, balle hakimi, da ya sake ɗaura yaƙi da sunan ƙasarsa. Shi kansa Ɗanƙwairo bayan zuwan Turawa aka haife shi. Sulke da lifidi da kwalkwali a zamaninsa sun riga sun koma kayan hawan salla. Bugu da ƙari, a idonsa aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ragowar ikon gudanarwa daga hannun sarakuna ya miƙa wa majalisun ƙananan hukumomi. Ke nan makaɗin yana magana da harshen yaƙi ne a zamanin da yaƙin sarauta ya koma wani iri: gasar 'yan sarki masu jiran gado, da ƙarar da ake kaiwa Sakkwato, da tsegumin fada, da talakan da ya fara ɗaga kai.

Wanda ya tsaya a kan cewa an yabi basaraken da jaruntaka, bai yi kuskure ba, amma ya bar rabin gindin waƙar a baya. Rabin na biyu, wato maganar ƙin yarda da wulaƙanci, shi ne ke bayyana irin yaƙin da ake nufi. Ba a tsoron maƙiyi ya zo da dawaki ya kewaye ganuwa. Abin da ake tsoro shi ne a daina ganin girman sarauta. A ra'ayin wannan nazari, wannan shi ne ainihin abin da waƙar ta ɗauru a kansa, kuma yabon jaruntaka hanya ce kawai ta isa gare shi.

4.4 Yanayin Murya

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne sigar umurni. A al'adar fada ba mai ba sarki umurni. Bafade yakan sunkuya ya ce "ranka ya daɗe", ya kewaya da magana har ya kai ga buƙatarsa. Makaɗi kaɗai ne al'ada ta yarje wa ya ɗaga murya a bainar jama'a ya ce wa basarake ya tashi ya yi kaza. Haka kuma Ɗanƙwairo ya kira basaraken da gajeren sunansa, ya haɗa da gajeren sunan mahaifinsa Ibrahim, abin da babu talakan Tsafe da zai yi a gabansa. A rubuce wannan yana iya kama da rashin ladabi. A kunne kuwa kusanci ne, irin na baran da ya daɗe a gida har ya zama ɗan gida, kuma wannan kusancin shi ke ba zugar ƙarfi, domin wanda ya isa da kai ne kawai zai iya tsima ka.

Abu na biyu shi ne muryar ba ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe. Idan makaɗin yana kan basaraken, sai a ji nauyi da kambamawa. Da zarar ya juya kan ɗan sarkin da yake yi wa zambo, inda yake taɓa halittarsa da rowarsa, yana kuma yanke masa ƙauna daga samun sarauta, sai muryar ta sauya ta koma ta raha da shaƙiyanci. Wasu manazarta sukan ware irin waɗannan ɗiya su kira su ƙananan turaka, kamar dai makaɗin ya yi ratse ne ya bar hanyarsa. Wannan nazari bai ga ratse a nan ba. Idan abin da ake tsoro shi ne raini, to babu maganin da ya fi a kwashe rainin a ɗora wa abokin hamayya a gaban taro. Dariyar da jama'a suka yi wa ɗan sarkin ita ce makamin da aka ce a shirya. Wato waƙar ba ta tsaya ga ba da labarin yaƙin ba, ita ce take yin sa, kuma da ma an san ba a ambatar sunan wanda ake yi wa zambo, sai dai a siffanta shi yadda 'yan gari za su gane, shi kuma ba shi da halin kai ƙara ba tare da ya amsa cewa shi ne ba.

A nan ya dace a yi wata 'yar tsokaci. Zambo ba abin yabawa ba ne ta fuskar tarbiyya, musamman inda ya taɓa halittar mutum wadda ba shi ya yi wa kansa ba, kuma malamai sun daɗe suna sukar makaɗa a kan haka. Amma aikin manazarci shi ne ya fara gane abin da zambon yake yi a cikin waƙar kafin ya yanke masa hukunci.

Abu na uku shi ne 'yan amshi. Ƙungiyar Ɗanƙwairo, wadda 'ya'yansa suke cikinta, ta shahara wajen karɓi da ƙari, inda jagora zai fara magana su kuma su cafe su ƙarasa ta da muryoyi masu yawa a tare. Tasirin wannan a kan yanayin murya babba ne. Maganar da mutum ɗaya ya faɗa ra'ayinsa ce, amma wadda taro ya karɓa ya maimaita ta zama kamar shaidar gari. Duk lokacin da aka dawo kan gindin waƙar, sai ya zama kamar jama'ar Tsafe ne baki ɗaya suke jaddada wa mai gidansu cewa suna bayansa. A takarda kuwa sai a rubuta "Amshi" kawai a wuce, ko ma a sa ɗigo-ɗigo don kada a ɓata wuri.

4.4.1 Kwatanci da Salihu Jankiɗi

Jankiɗi ya girmi Ɗanƙwairo nesa ba kusa ba. Daga Rawayya ya fito, ya ƙare a matsayin Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na III hidima, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, kuma ya rasu a 1973. Shi ma turken yawancin waƙoƙinsa yabo ne, tubalansa ma kusan ɗaya ne da na Ɗanƙwairo. Da a ce jeren turke da tubalai ya wadatar, da sai a ce makaɗan biyu abu ɗaya suke yi. Amma kunne ba ya yarda da haka. Taushi ganga ce mai kama da akushi, ana buga ta da hannu, sautinta yana da kauri da nutsuwa. Kotso kuwa mai baki ɗaya ne, mai tsukakken ciki, kuma sautinsa ya fi kaifi da zaburarwa. Haka nan matsayin iyayen gidan nasu ya bambanta. Jankiɗi yana magana ne da jikan Mu'azu ɗan Bello ɗan Shehu, wanda babu wata fada da ke sama da tasa a daular, don haka ya ishe shi ya tuna wa jama'a daga inda ubangidansa ya fito, sai kwarjini ya sauka. Ɗanƙwairo kuwa a waƙar Tsafe yana magana ne da hakimi, wanda akwai na sama da shi, akwai kuma 'yan'uwa masu kallon karagarsa. Na farko yana tabbatar da girman da ya riga ya zauna, na biyu yana kare girman da ake iya taɓawa, shi ya sa muryarsa ta fi zafi.

4.5 Matsalar Rubuta Waƙar da Daidaitacciyar Hausa

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a kundayen ɗalibai, wanda kuma yake shafar yanayin murya kai tsaye, wato juya kalmomin makaɗi daga karin harshensa zuwa daidaitacciyar Hausa yayin rubuta waƙar. Ɗanƙwairo da Jankiɗi da Narambaɗa da Sa'idu Faru duk da Hausar yamma suke waƙa. A bakinsu garin Tsahe ne, fada kuma hwada ce. Inda Bakano zai ce "suka" ko "aka", su "sunka" da "anka" suke cewa, inda zai ce "ya tafi" a cikin labari, su "yat tahi" suke cewa.

Wannan ba batun kishin yanki ba ne kawai. Gaɓar farko ta "suka" marar nauyi ce, ta "sunka" kuwa mai nauyi ce. Haka "ya" na labari gajere ne, amma "yat" gaɓa ce rufaffiya mai nauyi. Tun da raujin waƙa a kan nauyin gaɓoɓi yake tafiya tare da kiɗa, duk wanda ya "gyara" waɗannan kalmomi ya rage wa layin nauyinsa, ya kuma cire wannan ɗan cijewar da baƙaƙe masu ɗauri suke yi, wadda ita ce take sa zuga ta fito da ƙarfi kamar ana dukan ƙasa da ƙafa. Daga baya sai ɗalibin ya zauna da takardar da ya ɓata da hannunsa yana neman zafin waƙar a cikinta, bai samu ba, sai ya rubuta cewa salon makaɗin miƙaƙƙe ne mai sauƙi.

4.6 Sosuwar Zuciya

An riga an faɗa cewa sosuwar zuciya tana wajen mai sauraro ne, saboda haka dole a tambaya: wane mai sauraron? A filin da aka rera waƙar akwai aƙalla mutum uku da ba abu ɗaya suka ji ba. Basaraken ya ji tsima da samun nutsuwa cewa girmansa yana nan. Ɗan sarkin da aka yi wa zambo ya ji kunya da takaici, ga shi kuma dole ya zauna ya daure, wataƙila ma ya yi kyauta don kada a ƙara masa. Talakan da ke tsaye a gefe kuwa ya samu abu biyu a lokaci guda: alfahari da garinsa, da kuma damar yi wa ɗan gidan sarauta dariya a fili, abin da ba ya samu a sauran ranakun shekara. Wannan na ukun shi ne ya fi bayyana dalilin da ya sa waƙar ta fita daga Tsafe ta bi rediyo da kaset ta shiga ko'ina. Ba kowa ne ke da ruwa da sarautar 'Yandoto ba, amma kowa ya san zafin raini, kowa kuma ya san wani mai ji da asali da hannunsa ba ya buɗuwa.

Akwai kuma wata sosuwar da ke ƙarƙashin waɗannan, wadda ba a furta ta da baki ba, ita ce kewa. Idan makaɗi ya ambaci kayan yaƙi a gaban mutanen da kakanninsu suka yi yaƙin da gaske, su kuwa labarinsa kawai suka tarar, to yana tuna masu abin da ya wuce ne ko da bai yi nufin haka ba. Don haka ake iya ganin dattijo yana sauraron waƙa mai zafi irin wannan amma ya yi shiru yana kaɗa kai, maimakon ya zabura. Wanda ya tsaya ga kalmomi zai ce babu baƙin ciki ko kaɗan a waƙar, kuma ta fuskar kalmomi ya yi gaskiya. Kewar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da ake faɗa da halin da ake ciki.

Wannan tazara kuwa ta sake sauyawa. Tun daga wajen 2011 Jihar Zamfara ta shiga matsalar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, kuma ƙasar Tsafe da ƙauyukan Bunguɗu da na Gusau suna cikin wuraren da abin ya taɓa ƙwarai, har hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe zuwa Gusau ta sha zama abin fargaba ga matafiya. Saurayin da ya tashi a cikin wannan hali, idan ya kunna waƙar a wayarsa ya ji ana kiran mai gidan Tsafe da ya kimtsa makamansa, da wuya hankalinsa ya tafi ga gasar 'yan sarki. Maganar da a bakin Ɗanƙwairo take adon harshe, a kunnen wannan saurayi ta koma kusa da ma'anarta ta zahiri, ga shi kuma ya san cewa wanda ake kira ɗin, wato basarake, ba shi da runduna ba shi da ɗan doka. Kalmomin ba su canza ba, kiɗan ma shi ne dai wanda aka ɗauka a faifai tun makaɗin yana raye, amma gindin waƙar da ya sa kakansa murmushi yana iya sa shi ya yi ajiyar zuciya.